A Bar Wa Tsoho Muryarsa

Wata ranar Alhamis da yamma muna ofis muna jiran wani gwaji ya kammala a kan manhajar da muke rubutawa, sai muka kunna faifan ƙarshe na Chuck Berry a 'yar ƙaramar lasifika don rage zaman jira. Akwai wani yaro da ya fara aiki wurinmu bara, mai kaifin ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ba a faɗa musu abu sau biyu. Ya saurari waƙa ɗaya da rabi, ya ɗago kai ya ce, “Oga, wane tsoho ne wannan kuke ji? Kamar ma numfashi yake nema.” Muka faɗa masa. Bai ce uffan ba, ya ɗauki wayarsa, ya buɗe ɗaya daga cikin manhajojin nan masu haɗa waƙa, ya rubuta layi biyu. Kafin shayinmu ya huce waƙa ta fito: jita na ƙara, ganga na gudu, murya ta saurayi garau, ko gargada babu. Ya ajiye wayar a kan tebur ya ce, “To ku ji wannan. Tsakani da Allah, wacce ta fi?”

Ba mu ba shi amsa nan take ba, kuma wannan shirun ne ya kawo wannan rubutu. A sakan talatin na farko tasa ta fi daɗin kunne, babu amfanin musu. Sakan talatin ɗin nan kuwa mu muka san darajarsa, domin shi ne ma'aunin da Spotify ke ƙirga cewa an saurari waƙa, kuma 'yan sana'armu ne suka rubuta wannan ƙa'ida cikin kwamfuta. Mu muka gina kasuwar da ake yanke wa waƙa hukunci kafin mawaƙi ya gama gyaran murya. Yanzu kuma mun gina injin da zai ci wannan kasuwa kullum. Saboda haka idan yaron nan ya raina muryar ɗan shekara casa'in, tarbiyyarmu ce ya nuna.

Ga wanda bai san mutumin ba: Chuck Berry baƙar fata ne ɗan Amurka, an haife shi a St. Louis ta jihar Missouri ranar 18 ga Oktoba 1926. A 1955 ya je Chikago, mawaƙi Muddy Waters ya tura shi wurin Leonard Chess mai kamfanin faifai na Chess, aka ɗauki “Maybellene”, ta sayar da kwafi fiye da miliyan. Daga nan zuwa 1958 ya zubo “Roll Over Beethoven”, “School Days”, “Rock and Roll Music”, “Sweet Little Sixteen” da “Johnny B. Goode”. Kusan duk wanda ya rataya jitar lantarki bayan wannan lokaci a makarantarsa ya yi karatu. Beatles sun rera waƙoƙinsa, kuma waƙar farko da Rolling Stones suka fitar a 1963, “Come On”, tasa ce. Da hukumar NASA ta harba kumbon Voyager guda biyu a 1977, ta maƙala musu faifan zinare ɗauke da sautukan duniya ko da wata halitta za ta tsince su, “Johnny B. Goode” tana ciki tare da su Bach da Beethoven.

A 1979 ya fitar da faifan Rock It, daga nan bai ƙara fitar da faifan sabbin waƙoƙi ba har shekara 38. Bai daina wasa ba. Yakan sauka a gari shi kaɗai da jitarsa, a samo masa makaɗa a nan garin, a ba shi kuɗinsa lakadan kafin ya taka dandamali. A 1989 gobara ta cinye situdiyonsa da ke Wentzville tare da waƙoƙin da ya riga ya ɗauka, ya sake somawa daga tushe. Daga 1996 zuwa 2014 yana wasa sau ɗaya a wata a wani gidan cin abinci na St. Louis mai suna Blueberry Hill, ya yi haka fiye da sau 200. Ranar da ya cika shekara 90 aka sanar cewa sabon faifai na tafe, sunansa Chuck, ya sadaukar da shi ga matarsa Themetta wadda ya aura tun 1948. A sanarwar ya ce ya tsufa, ya daɗe yana wannan aiki, yanzu zai iya rataye takalmansa. Ya rasu ranar 18 ga Maris 2017. Faifan ya fito a watan Yuni, waƙa goma, takwas shi ya rubuta, duka duka kimanin minti 35.

Idan aka tayar da zancen wannan faifai, mutane iri biyu muke cin karo da su, kuma dukkansu muna da rigima da su. Na farko su ne masu tausayi. Su ne masu cewa ai tsohon ya yi ƙoƙari, a shekarunsa wa zai iya haka. Wannan yabo ne irin wanda ake yi wa yaron da ya zana mota da ƙafa uku. Mutumin da ya shekara sittin yana hana 'yan kasuwa su cuce shi ko da dala ɗaya bai nemi sadakar kunnenmu ba. Idan faifan ba shi da kyau a faɗa. Akwai ma inda ba shi da kyau ɗin: “Jamaica Moon”, wadda ya sake ɗinkawa daga tsohuwar waƙarsa “Havana Moon” ta 1956, kwaikwayon harshen mutanen Jamaika ne da bai dace da bakinsa ba, kuma mu kan tsallake ta. Babu waƙa ɗaya a ciki da za ta ture na shekarun 1950 daga kujerarsu. Wanda ya ce akwai, ladabin makoki ne yake yi.

Na biyu su ne masu raini, su yaron ofishinmu da manyansa. Hujjarsu guda biyu ce: muryar ta lalace, kuma kiɗan maimaici ne. Mu fara da maimaicin, don shi ya fi saurin rushewa. Gaskiya ne “Big Boys” ta buɗe da irin wannan gudun jitar da kowa ya sani tun “Johnny B. Goode”. To wa ya kamata ya buga shi? Makaɗa dubbai sun ci abinci da wannan salo. Beach Boys sun ɗauki karin “Sweet Little Sixteen” sukutum suka yi “Surfin' U.S.A.” a 1963, sai da aka matsa kafin sunan Berry ya hau faifan. John Lennon ya gutsuri “You Can't Catch Me” ya saka a “Come Together”, mai haƙƙin waƙar ya kai ƙara, aka sasanta a 1973. Kowa ya ɗiba a rijiyar nan an yafe masa, sai mai rijiyar ne za a ce ya cika shan ruwanta. Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa gane wannan. Ba mu taɓa jin wanda ya tuhumi Shata da cewa kalangunsa na bana ya yi kama da na bara ba. Kiɗan shi ne hatiminsa, abin da aka zo ji shi ne me zai ɗora a kai yau.

Abin da Berry ya ɗora a kai shi ne wurin da masu rainin ba su tsaya sun saurara ba, domin ba ya cikin sakan talatin na farko. Ku ɗauki “Lady B. Goode”. A 1958, yana ɗan shekara 31, ya ba da labarin wani yaro talaka mai baiwar jita wanda uwarsa ke yi wa fatan sunansa zai haskaka a gari. Labarin na kansa ne a kaikaice, har sunan ma daga titin Goode na St. Louis inda aka haife shi ya samo. Ya taɓa faɗa da bakinsa cewa a rubutun farko yaron baƙar fata ne ƙarara, ya mayar da shi ɗan ƙauye don gidajen rediyon farare su yarda su sa waƙar. A 1960 ya ci gaba da labarin a “Bye Bye Johnny”, uwa na rakiyar ɗanta zai tafi neman suna. Duk wannan labarin mai tafiya ne. Sai da ya tsufa ya juya ya dubi wadda aka bari: yarinyar da ta so Johnny, ya tafi ya yi suna, ita tana gida da ɗansa. Wanda ya rubuta wannan mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a hanya da ɗakunan otal da gidan yari, matarsa tana gida shekara 68. Mai hankali ba sai an yi masa fashin baƙi ba. Kuma jitocin da ke cikin waƙar uku ne, nasa da na ɗansa Charles da na jikansa, wato ɗan da aka bari da ɗan ɗan suna buga wa tsoho kiɗa yana ba da labarin.

Haka “Darlin'”, inda shi da 'yarsa Ingrid suke karɓa-karɓa. Uba ne ke gaya wa 'yarsa cewa ƙarfinsa ya tafi, rana ta yi yamma, ita kuma tana amsa masa. Mutumin da ya gina sunansa kan motoci da 'yan makaranta da ƙararrawar tashi daga aji, shi ne yake wannan magana. A nan ne muryar da yaronmu ya ce tana neman numfashi take aikinta. Inda ta karye a ƙarshen layi, inda ya ja kalma ya kasa kai ta inda ya nufa, nan ne maganar take zama gaskiya. Ku sa muryar saurayi garau ta rera wannan waƙa, za ta koma wasan kwaikwayo. Akwai kuma “3/4 Time (Enchiladas)” ta Tony Joe White, wadda aka ɗauka a gaban jama'a, ana jin dariyarsu, tsoho yana tsokanar kansa da kansa. Akwai “Dutchman”, wadda ba rerawa ba ce ma, labari ne yake bayarwa da baki a kan kiɗa, na wani mashayi da ya shigo gidan giya yana faɗin yadda ya faɗo daga ɗaukaka. Tun asali Berry mai ba da labari ne kafin ya zama komai, kuma wannan baiwar ba ta tsufa ba.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda faifan ya ƙi bin hanyar da kasuwa ta shimfiɗa wa tsofaffin mawaƙa. Hanyar sananniya ce: a kewaye tsoho da taurari har ba a ganinsa. Lokacin da Jerry Lee Lewis ya dawo da Last Man Standing a 2006, waƙa 21 ne kuma kowacce da baƙo: Jimmy Page, Bruce Springsteen, Mick Jagger, B.B. King, da sauransu. Faifan ya sayu, akwai wurare masu daɗi, amma saƙon da ke ƙarƙashinsa shi ne tsoho shi kaɗai bai isa a saya ba sai an yi masa rakiya. Berry ya ɗauki makaɗansa na Blueberry Hill, waɗanda suka san lokacin da zai manta baiti da lokacin da zai sauya murya ba sanarwa: Jimmy Marsala a jitar bes, Robert Lohr a fiyano, Keith Robinson a ganga, da 'ya'yansa. Baƙi akwai, Gary Clark Jr. da Tom Morello da Nathaniel Rateliff, amma a gefen tabarma suka zauna. Wanda ya fi kusa da wannan hali shi ne Johnny Cash, lokacin da Rick Rubin ya zaunar da shi a 1994 daga shi sai jitarsa, ya kuma bar muryar tana tsufa a fili daga faifai zuwa faifai har zuwa “Hurt” a 2002. Ba wanda ya ji “Hurt” ya ce da ma an gyara masa rawar murya.

Kada wani ya ɗauka waliyyi muke karewa. Berry ya shiga gidan gyaran hali a 1944 saboda fashi da makami. An kama shi a 1959 kan ƙetare iyakar jiha da yarinya 'yar shekara 14, ya yi zaman kaso daga 1962 zuwa 1963. An yi maganar wariyar launin fata a shari'ar, har aka soke hukuncin farko saboda kalaman alƙali, amma shekarun yarinyar ba su canja ba. A 1979 ya sake shiga saboda ƙin biyan haraji. A 1990 mata da dama suka kai shi ƙara cewa ya ɓoye kyamara a banɗakin mata na gidan abincinsa, ya biya kuɗi aka sasanta. Johnnie Johnson, makaɗin fiyanon da ya fara ba shi gurbi a ƙungiyarsa, ya kai shi kotu a 2000 yana neman rabonsa a waƙoƙin da ya ce tare suka haɗa, kotu ta kori ƙarar saboda lokaci ya ƙure. Duk wanda ya ce ba zai saurari mutumin nan ba saboda waɗannan, ba mu da ja da shi. Amma ku lura da abu ɗaya: muna iya tuhumarsa ne saboda akwai shi. Akwai mai suna, mai tarihi, wanda za a ce kai ka yi kaza, kuma da yake rera waƙar matar da aka bari muna iya auna maganarsa da aikinsa. Waƙar da ta fito daga wayar yaronmu wa za mu tuhuma da ita, wa za mu yi wa uzuri?

Nan ne muka zo kan sana'armu, kuma za mu faɗi yadda abin yake aiki tunda mu muke ciki. Manhajar haɗa waƙa ba ta san jita ba, ba ta san St. Louis ba. An ɗura mata sautuka masu ɗimbin yawa, an yayyanka su ƙanana an mayar da su lambobi, ta koyi wane guntu ne ya fi yawan biyo bayan wane. Idan ka ce mata ta yi maka rok-an-rol na shekarun 1950, tana lalubo abin da ya fi dacewa da wannan kwatance a cikin abin da ta haɗiye. Aikinta ke nan, neman abin da aka fi tsammani. Shi ya sa kullum take fitar da saurayi, domin Chuck Berry da ya fi yawa a faifan duniya saurayi ne. Za ka iya ce mata ta tsofar da muryar, za ta yi, za ta sa rawar murya da dishewa kamar yadda ake sa wa ɗan wasa furfurar auduga. Abin da ba za ta taɓa yi ba don kanta shi ne ta waiwaya bayan shekara hamsin ta ce akwai wadda na zalunta a labarin can, bari in koma in ba ta baki. Wannan shawara ce ta wanda ya rayu da abin da ya rubuta har abin ya dame shi.

Kuma daga ina sautukan suka fito? A watan Yuni 2024 manyan kamfanonin faifai uku, Universal da Sony da Warner, suka maka kamfanonin Suno da Udio a kotu a Amurka kan cewa sun horar da injinansu da waƙoƙin mutane ba izini. Cikin misalan da suka gabatar a ƙarar Suno har da “Johnny B. Goode”: sun ce da suka ba manhajar kalmomin waƙar da kwatancen salonta, ta yi ta fitar da abin da ke bin karinta sau da dama. Suno ta amsa cewa lallai ta yi horo da miliyoyin waƙoƙi, amma a ganinta doka ta halatta. Daga baya wasu cikin masu ƙarar suka sasanta da waɗanda suke ƙara, suka ƙulla ciniki tare. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Berry ya san wannan karatu tun ranar farko. Da “Maybellene” ta fito ya tarar da sunayen mutum biyu a matsayin abokan rubutunsa, Alan Freed mai gabatar da shiri a rediyo da wani Russ Fratto, alhali ba su rubuta ko harafi ba. An ba Freed rabo ne don waƙar ta samu shiga. Sai a 1986 haƙƙin ya dawo masa shi kaɗai, bayan shekara talatin da ɗoriya. Daga wannan ciwon ne ya koyi cewa sai ya ga kuɗi a hannu zai buɗe akwatin jita. An yi ta kiransa marowaci mai taurin kai. Yau da muke kallon yadda aka haɗiye aikinsa gaba ɗaya ba ko sallama, taurin kan nasa ya fara kama da hangen nesa.

Akwai hujja ɗaya mai ƙarfi a hannun abokan gardamarmu, ba za mu ɓoye ta ba. Za su ce ai shi ma Berry ɗiba ya yi. Gaskiya ne. “Maybellene” daga tsohuwar waƙar ƙauye “Ida Red” ta samo jikinta. Mabuɗin jitar “Johnny B. Goode” kusan shi ne wanda Carl Hogan ya buga a waƙar Louis Jordan “Ain't That Just Like a Woman” a 1946. Salon tsayuwarsa da lanƙwasa tsirkiya akwai T-Bone Walker a ciki. To mene ne bambancinsa da inji? Bambancin yana cikin wannan sakin layin da kuke karantawa: mun iya lissafa sunayen. Berry kansa ya sha ambaton su a hirarraki. Wanda ya ji shi zai iya bin sawu ya koma ga Jordan da Walker, ya saurare su, sunansu ya ƙara rayuwa. Mutum ɗaya ne da kunne biyu, ya ji abu kaɗan, ya so shi, ya haɗa kiɗan farare na ƙauye da na baƙaƙe na birni a lokacin da haɗa su a ɗaki ɗaya ma fitina ne. Injin kuwa an gina shi ne ta yadda sawun zai ɓace. Ku tambayi manhajar wa ta ɗauko, ba ta da amsa, kuma waɗanda suka gina ta sun fi son haka, don amsar tana da farashi.

Ba ƙiyayya muke da na'ura ba, da ita muke cin tuwo. Faifan Chuck ɗin kansa ba a zama ɗaya aka ɗauke shi ba, guntu-guntu aka tara shi tsawon fiye da shekara ashirin, wasu sassan tun shekarun 1990, aka harhaɗa. Lokacin da Beatles suka fitar da “Now and Then” a Nuwamba 2023, sun yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen raba muryar Lennon da ƙarar fiyano a wani tsohon kaset da ya ɗauka a gidansa. Wannan wanki ne, muryar tasa ce, shi ya buɗe baki ya rera. Shari'ar Randy Travis ta fi wuya: shanyewar jiki ta ɗauke masa waƙa a 2013, a 2024 aka fitar da sabuwar waƙa da muryarsa da inji ya ɗora a kan ta wani mawaƙi. Amma yana raye, yana wurin, ya yarda. Iyakar da muke ja ke nan, kuma ba ta da wuyar ganewa: shin mai muryar ya faɗi wannan magana, ko aƙalla ya amince a faɗa da sunansa? Inda amsar ta zama a'a, ƙarya ake yi masa, ko da iyalinsa sun sa hannu, ko da ta yi daɗi. An riga an zagaya da hoton haske na Roy Orbison a dandamali a 2018, shekara talatin bayan rasuwarsa, mutane suka sayi tikiti. Jihar Tennessee ta ga inda aka dosa, ta yi doka a 2024 da ta sa muryar mutum cikin abin da ba a kwaikwaya don kasuwa ba izini.

Mu a nan gida kunnenmu ya riga ya yi laushi, shi ya sa abin ya fi ba mu tsoro. Manhajar Auto-Tune ta fito a 1997, wani injiniya Andy Hildebrand da ya yi aikin nazarin sautin ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur ne ya ƙirƙiro ta, don a ɗan gyara inda murya ta kauce. Ku saurari waƙoƙin finafinanmu na shekaru ashirin da suka wuce ku ji abin da muka mayar da ita. Mun tashi tsara guda da ba ta saba jin maƙogwaron mutum tsirara ba, namiji da mace, yaro da babba, duk an goge su sun zama sumul kamar tangaran. Wanda ya girma a haka, ranar da ya ji tsoho yana waƙa dole ya ce numfashi yake nema. Kuma wanda ya saba da muryar da inji ya gyara rabinta ba zai yi gardama ba ranar da inji ya yi ta duka.

Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Muryoyinsu suna nan birjik a intanet da katin waya, wanda duk ya iya abin da muka iya zai kwashe su cikin dare ɗaya ya horar da inji. Ba sai an yi duba ba, wata kakar zaɓe za a wayi gari a ji Shata yana wasa wani ɗan takara da bai taɓa gani ba, da Hausa garau, da kalangu, kuma za a yi ta turawa ana cewa kai fasaha ta ci gaba. Mutumin da duk ƙasar Hausa ta san nauyin yabonsa da zafin zambonsa, za a ari bakinsa a ci masa albasa. Kuma wanda zai yi wannan aiki ɗaya daga cikinmu ne, mai digirin kwamfuta, wataƙila don dubu hamsin da kuɗin data. Muna so 'yan sana'armu su ji wannan daga bakin na gida: wanda aka kawo wa irin wannan kwangila ya ƙi ta. Wanda kuma yake da ƙwarewar, ga aiki nan jibge da ke jiransa, tsofaffin kaset na makaɗanmu suna ruɓewa a kwali a gidajen rediyo da shagunan kasuwa, suna buƙatar a kwafe su, a rage musu shuu, a rubuta wa ya rera, wa ya yi kiɗa, a wace shekara. Akwai kuma tsofaffin da ke raye, waɗanda ba wanda ya kai su situdiyo mai kyau ya ce Baba zauna ka rera yadda muryarka take yau.

Yaron ofishinmu bai sauka daga ra'ayinsa ba, mu ma ba mu matsa masa ba. Abin da muka roƙe shi kawai shi ne ya ji “Darlin'” daga farko har ƙarshe ba tare da ya taɓa wayar ba. Ya ji. Ya ce har yanzu muryar ba ta yi masa ba, amma ya tambaya ko matar da ke amsawa 'yarsa ce ta cikinsa. Muka ce ita ce. Washegari muka tambaye shi ya sake kunna mana waƙar da manhajar ta haɗa masa, don mu kwatanta da kyau. Ya duba wayar, ya ce ya yi wasu guda shida bayanta a daren, bai tuna wacce ce ba.